Ƙwayar da Inna ke Miƙa wa Baba

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan labari ko wani zai amfana, sai yanzu da aka yi hutun makaranta na samu zama. Ni malamar firamare ce, ina aure a Batagarawa, amma gidanmu yana Ƙofar Marusa, cikin birni. Mu biyu ne muka rayu a wurin iyayenmu: Yaya Lawal, mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa, sai ni. Sunan kakata aka sa mani, shi ya sa Baba ke kira na Uwani.

Inna ta rasu a farkon damina, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, 'yan kwanaki bayan an yi rantsuwa. Ba ta yi jinya ko ta yini ɗaya ba. Ta share tsakar gida, ta dama kunu, ta ce kanta na sarawa bari ta ɗan kishingiɗa. Kafin Baba ya dawo daga gaisuwar safe da yake yi a unguwa, rai ya yi halinsa. Ko da na iso daga Batagarawa har Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba, ta ɗora ruwan wanka. Ba a sha wahalar neman komai ba, domin Inna ta daɗe da nuna mana inda ta ajiye likkafaninta, wanda ta wanko da zamzam shekarar da ta sauke farali, har da zare da turare a ƙulle. Kafin azahar an kai ta.

Duk wanda ya yi zaman makoki a cikin birni ya san yadda abinci ke kwararowa. Maƙwabta, dangi, abokan Baba na tsohuwar ma'aikatar gona inda ya yi akawu har ya yi ritaya, kowa da kwanonsa. Shinkafa, waina, funkaso, fura da nono an zuba sukari har tana danƙo, ga lemun kwalba kiret-kiret. Ranar uku aka yi gumba, ranar bakwai aka ƙara. Baba yana zaure kan buzu, mutane na shiga suna fita.

"Malam, ya muka ji da haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta."

"Amin, amin. An gode."

Duk abin da aka miƙa mashi sai ya karɓa ya ci, don kada wanda ya kawo ya ji ba daɗi. Ni kuwa har murna nake yi. Tun muna ganin Inna tana yi mashi tuwon dawa ɗan mitsitsi, da kwaɗon zogale, da kunun tsamiya gaya ba ko ƙwayar sukari, muke tsokanarta cewa tsufa ya sa mata rowa. Sai ta yi dariya ta ce, "Malam ba ya son zaƙi." To ga shi yanzu yana shanye kwanon fura tas. Na ce a raina, ashe yana so, hana shi ake yi.

A mako na biyu baƙi suka ragu, na koma makaranta, sai dai kullum bayan an tashi nakan hau mota in shigo birni in duba shi. Abin da na fara lura da shi buta ce. Kafin in gama sharar tsakar gida ya zaga sau biyu, ya kuma sha ruwa moɗa uku. Na ce, "Baba, ƙishirwa haka?" Ya ce zafin gari ne. A mako na uku hularsa ta fara yi mashi yawa, wuyan rigarsa ya saki. Littafin addu'o'in da ya saba karantawa bayan la'asar ya koma riƙewa kawai, wai rubutun ya yi ƙanana.

Na kai maganar wurin Gwaggo Rabi. Ta ce, "Ke Uwani, kewa ce. Shekara arba'in da wani abu suna tare, kina so ya yi ƙiba? Lokacin da mai gidana ya rasu, zobena sai da ya faɗi da kansa." Washegari ta kawo rubutu a gora, da kwalbar zuma da garin habbatussauda, ta ce ya riƙa lasa safe da yamma don ƙarfin jiki. Wani abokinsa ya ce a nema mashi mata, zaman kaɗaici ne. Matar Yaya Lawal, wadda girkin Baba ya koma hannunta, ta ƙara mai da nama a miya, tana haɗo mashi da shayi mai kauri. Ba wanda bai yi ƙoƙari ba, kuma ba wanda ya yi da mugun nufi. Yaya Lawal kuwa ɗan fari ne, shi da Baba sai gaisuwa daga bakin ƙofa, kai a ƙasa. Ko ya ga wani abu, ni zai tura in faɗa.

Tun bayan sadakar bakwai Baba ya ɗauki zuwa maƙabarta da ƙafa kullum da hantsi. A mako na biyar na ga yana ɗingishi kaɗan. Da zai yi alwala na ga ɗan yatsansa na ƙarshe a ƙafar hagu ya kumbura, akwai wata 'yar ɓula a ƙarƙashi. Ya ce ƙaya ce ta huda takalmi, bai ma ji shigarta ba sai da ya ga jini. Gwaggo ta gasa wurin da ruwan zafi da gishiri, ta barbaɗa garin bagaruwa. Muka ce kwana biyu ya kame.

Da aka yi arba'in, Baba ya ce a buɗe ɗakin Inna a fito da kayanta, malam zai zo ya raba. Shi tun ranar da aka fita da ita bai taka ɗakin ba. Ni da Gwaggo muka shiga. Muna sauke jeren kwallaye muna kuka muna dariya, don ba abin da Inna ke yarwa, har ɗan kwalin da na ɗaura ranar saukata yana nan. A kwalla ta ƙarshe, ƙarƙashin zannuwa, na ci karo da gwangwanin madara. Na ɗauka 'yan kunne ne. Da na buɗe sai ga katin asibiti ya tsufa har ya yi laushi, da sunan Baba a jiki, da ƙwayoyin magani farare a leda, za su kai na wata guda. Akwai kuma 'yar takarda da rubutun ajami na Inna: ɗaya da safe kafin kunu, ɗaya da yamma kafin tuwo. Na juya katin. Turancina ba mai yawa ba ne, amma ya isa in gane abin da aka rubuta. Ciwon sukari. Shekara tara ke nan da buɗe katin.

Gwaggo ta tuna da kwalbar zumar da ta kawo mashi, ta dafe ƙirji. "Inna lillahi. Uwani, da hannuna nake ba shi!"

Na same shi a zaure shi kaɗai. Na durƙusa, na ajiye gwangwanin a gabansa. Ya daɗe yana kallon sa.

"Ashe nan take ajiyewa," in ji shi.

"Baba, mi ya hana ka faɗa mana?"

"Ni na ce kada ta gaya maku. Lokacin yayanki na ta fama da kafa rumfa, ke kina goyon fari. Na ce mi za a ɗaga maku hankali a kai? Ita ta karɓi abin. Ita ke zuwa kemis, ita ke tuna ranar ganin likita, ita ta san abin da zan ci." Ya shafa gemu. "Uwani, ko sunan ƙwayar ban sani ba. Fara ce, ƙarama. Shekara tara tana miƙo mani da ruwa ina haɗiyewa."

"To da ta rasu fa?"

"Ana zaman makokin uwarku, in buɗe baki in ce ina maganina? Kuma ɗakin... na zo bakin ƙofa ya fi sau goma."

Na so in yi fushi, da shi da ita duka, amma kuka ya riga fushin fitowa. Na ce ya nuna mani ƙafar. Da ya kwance tsumman sai wari ya buge ni. Yatsan ya yi baƙi.

Washegari da sassafe Yaya Lawal ya samo mota muka tafi wani asibitin gwamnati. Ba zan ɓoye ba, ranar na ga abin takaici. Mun isa ana share baranda, amma mun tarar da layin kati ya kai bakin bishiya. Mai yankan kati bai zo ba sai da rana ta ɗaga, da ya zo kuma ya ce tsohon katinmu ba ya cikin ma'ajiyar katuna, sai a buɗe sabo. Daga nan layin awon jini, daga nan layin likita. Baba na kan benci yana gyangyaɗi, leɓensa a bushe. Wani tsoho kusa da mu ya ce, "Ai an ce yanzu mulkinmu ne, komai zai gyaru." Wata mata ta ce, "To a fara da benci." Har Baba sai da ya murmusa.

Wata nas ce Allah ya turo. Ta zo wucewa, ta ja birki, ta shaƙi iska, ta dubi ƙafar Baba. Ba ta tambayi kowa ba ta kama hannunsa ta shigar da shi gaban mutum kusan ashirin. Ban san sunanta ba har yau, amma ba na sallah in manta da ita.

Likitan saurayi ne mai tabarau, ba Bahaushe ba, amma Hausarsa ta nuna. Ya duba takardar awo, ya dube mu.

"Baba, jininka ya koma ruwan rake. Wa ke kula da maganinka?"

Baba ya ce, "Ta rasu."

Likitan ya ajiye alƙalami. Ya yi mashi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya ce sai an kwantar da shi yau, kuma yatsan nan ya riga ya mutu. In an cire shi yanzu, ana sa ran ƙafar ta tsira. In aka ƙara mako guda, ba maganar yatsa za a yi ba, daga gwiwa ne.

A baranda Yaya Lawal ya ce shi ba zai sa hannu a yanke ubansa ba. Akwai wani mai magani a wani ƙauye, an ce ya warkar da wanda ƙafarsa ta fi wannan lalacewa. Na koma ciki na gaya wa Baba, don dole sai ta bakina. Ya ce, "Ki ce wa wancan ya kwantar da hankalinsa. Yatsana ne, kuma na yi shekara talatin ina sa hannu a takardun gwamnati. Kawo alƙalamin." Ya karɓa ya sa hannu.

Kwana ashirin da uku muka yi a asibiti. Ni da yini, Yaya Lawal da kwana, tunda ɗakin maza ne. Shugabar makarantarmu ta raba ajina ga malamai biyu ba tare da na roƙa ba. Maigidana shi ke dafa wa yara taliya, har yau suna ba da labarin yadda take caɓewa. Magani kuwa, in aka rubuta biyar, ɗaya za ka samu a ciki, sauran sai kemis na bakin titi, har auduga da safar hannu mu ke saye. Yaya Lawal ya fitar da buhunan geron da ya ɓoye don tsadar tsakiyar damina ya sayar, ban taɓa jin ya ambata ba. Mai wankin ciwo wani lokaci ya zo da wuri, wani lokaci sai mun bi shi har ofis. Amma in ya zo, yana yi a hankali, yana jan Baba da hira kan farashin taki har a gama.

A mako na farko zazzaɓi ya ƙi sauka, Baba na kiran Inna yana cewa ta kawo ruwa. A na biyu ya fara zama, ya nemi a kawo mashi rediyo. A na uku naman wurin ya yi ja, likita ya duba ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙafa ta zama tamu." Nan Yaya Lawal, da bai taɓa zama a shimfiɗar Baba ba tun da ya yi wayo, ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hula. Baba ya kau da kai wajen taga, ya ce da ni, "Ki ce mashi Allah shi yi albarka."

Kafin sallama aka koya mani yin allurar insulin, don likita ya ce ƙwaya ba za ta riƙe shi yanzu ba. Ranar farko na tsaya da sirinji ina jinkiri. Baba ya kalli yadda nas ta ja maganin, ya kalli layukan da ke jikin sirinjin, ya ce, "Ba ni nan." Ya sa tabarau, ya ja daidai, ya ɗaga riga ya soka a cinyarsa. Daga ranar bai yarda wani ya yi mashi ba. Ya sa na rubuta mashi sunan kowane magani da manyan baƙaƙe, ya haddace su kamar karatun allo. Likita ya ce mana abu biyu da ban manta ba: kullum a duba tafin ƙafa kamar yadda ake duba fuska a madubi, kuma in ya ji jiri da gumi da rawar jiki, to sukarin ya faɗi ne, a lokacin kaɗai a ba shi zaƙi da sauri.

Da muka dawo gida sabuwar magana ta taso: ina zai zauna? Yaya Lawal ya gyara ɗaki a gidansa. Baba ya ce a gidan nan aka yanke mashi cibi, kuma masallacinsa taku ashirin ne. Ni ba zan iya baro Batagarawa ba. Ana cikin haka sai ga Gwaggo Rabi da akwatinta da tabarmar sallarta a kan amalanke. Ta ce, "Ni na kusa kashe shi da zuma, ni zan tsare shi." Ta shiga ɗakin Inna ta zauna. Ba mu da firji, sai ta samu kasko ta cika da jiƙaƙƙen yashi, ta tura ƙarƙashin randa, nan kwalbar allura ke kwana. Ta zama dogari a bakin zaure. Duk wanda ya zo dubiya da lemo ko rake, sai ta karɓa ta yi godiya ta aika maƙwabta. Baba yakan ce, "Uwani, an fid da soja daga mulki, an kawo mani gida." Su yi ta faɗa kan ludayin kunu kamar yara, ni kuwa in ji sanyi a raina, don gidan ya sake yin hayaniya.

Wata uku ciwon ya ɗauka kafin ya rufe. Ranar da ya fara taka ƙafarsa zuwa masallaci, cikin takalmi mai taushi da wani baduku abokinsa ya ɗinka mashi, sai da liman ya juyo bayan sallama aka yi addu'a. Da yammacin ranar ya kira mu, ni a ciki, Yaya Lawal a bakin ƙofa, ya nuna mana inda takardar gida take, da ta fansho, da katin asibiti, da sunan wanda yake so ya yi mashi wanka in ta Allah ta kasance. Na ce, "Baba, bar wannan magana." Ya ce, "Barin ta ne ya ci mani yatsa."

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka ke nan. In tsohonku ya rasa abokin zama, ku yi ta'aziyya, ku kai abinci, amma wani ya zauna ya tambaya: mi mamacin ke yi maka kullum wanda ba mu sani ba? Kada kuma a ɗora kowace rama a kan kewa. Kewar tana nan, ban musa ba, amma ƙishirwa da yawan zagawa da ciwon da ya ƙi kamewa, waɗannan na likita ne.

Azumi ya zo mana da sanyi a shekarar. Likita ya ce kada Baba ya ɗauka, malaminsa ma ya ce haka, ya ciyar da mabuƙaci ɗaya a madadin kowace rana. Wannan ya fi yankan yatsa yi mashi ciwo, don tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai sha azumi ba. Yaya Lawal ya ce zai auna hatsin wata guda a bayar gaba ɗaya a huta. Baba ya ce a'a, yana so ya ga wanda yake ciyarwa. Ya aika aka kira Malam Ɗanladi, wani tsohon mai gyaran keke a bayan layinmu, wanda idonsa ya mutu, 'ya'yansa kuma suka yi nisa.

Kullum kafin magariba sai ka ji sandarsa tana ƙwanƙwasa dakalin zaure. Gwaggo ta fito da kwano biyu: na Malam Ɗanladi shaƙe da ƙosai da kunu mai zaƙi da tuwo, na Baba ɗan tuwon dawa da ganye. Su ci, su yi sallah, sannan a buɗe rediyo a shiga gardama. Malam Ɗanladi na cewa 'yan siyasar nan za su kawo ruwan famfo kafin baɗi, Baba na cewa ya ga mulkin farar hula na farko ya ga na biyu, a dai yi sha'ani. Wata rana na zo da yamma na tsaya a bakin zaure ina jin su. Baba ke ba shi labarin yadda Inna ta taɓa ƙona tuwo a makon farko na aurensu, ta ɓoye tukunyar a bayan rumbu. Yana dariya har da tari. Tun rasuwar, ranar na fara jin ya ambace ta ba tare da muryarsa ta karye ba.

Aka ga wata, aka yi sallah, aka ci tuwon sallah. Washegari da magariba sai ga ƙarar sanda a dakali. Gwaggo ta leƙo ta dubi Baba, Baba ya dube ta, ta koma ta zubo kwano biyu. Shekara ta uku ke nan, kuma har yau ba wanda ya gaya wa Malam Ɗanladi cewa azumi ya wuce.

Allah shi jiƙan Inna, shi ba marasa lafiyarmu lafiya, shi saka wa masu jinya da alheri.